Da me ake auna ƙwazon bankin Musulunci?

Yar_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki, bincikena a kan ƙwazon bankunan Musulunci ne a ƙasashe masu tasowa, wato wanne ya fi iya juya abin da ke hannunsa. Na fara da na gida guda huɗu, Jaiz da TAJ da Lotus da Alternative. Na zuba alƙalumansu a DEA, wata hanyar lissafi ta kwamfuta da ke gwada abin da banki ya yi amfani da shi da abin da ya samar: kuɗin ajiya da albashi da kadarori a gefe ɗaya, jarin da suka fitar wa abokan hulɗa da sauran kuɗin shiga a ɗaya gefen. Duka huɗun suka fito da maki 1, wai kowa gwani ne. Malamina ya duba, ya ce in je in sake tunani, bai ƙara ko uffan ba. A takardun da nake karantawa kuma, wannan ya ce bankin Musulunci ya fi na kuɗin ruwa ƙwazo, wancan ya ce sam. To tsakani da Allah, da me ake aunawa?

Dan_Kwari:
Wa alaikumussalam. Ni dai ban san DEA ba, ko ci ake yi ko sha. Amma in ma'auni kike nema ki zo Kantin Kwari, mu muke da shi.

Malam_Alkaluma:
Ƙanwata, kwamfutarki ba ta yi ƙarya ba, tambayar da kika yi mata ce ta yi ƙunci. DEA, tun da Charnes da Cooper da Rhodes suka fito da ita a 1978, ba ta san wani banki na ƙwarai da ke can sama ba. Waɗanda kika ba ta kawai take gwadawa da juna. Ɗauki manoma huɗu. Kin ce za ki auna su da taki da ƙwadago da faɗin gona, sannan da buhun masara da na wake. Wannan zai ce ni na fi kowa tsimin taki, wancan ya ce ni na fi wake a ƙaramar gona, kowa ya samu lungun da babu wanda ya fi shi. Haka bankunanki suka yi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce yawan bankunan ya kai aƙalla ninki uku na jimillar abubuwan da ake aunawa. Ke kina da biyar, kenan kina buƙatar 15 ko fiye. Huɗu ba za su yi ba. Ga shi kuma Jaiz ne kaɗai ya fara tun 2012, TAJ sai ƙarshen 2019, Lotus 2021, Alternative kuma 2023 ya zama banki mai zaman kansa. Ko shekaru kika tara ba za su yi kauri ba. Dole ki fita waje: Malesiya, Indonesiya, Pakistan, Bangladesh, Turkiyya, Masar.

Yar_Samaru:
Allah ya saka da alheri Malam. Abin da malamina ya ƙi faɗa kenan 😭

Tsohon_Banki:
Ki fita wajen, amma ki fita da ido a buɗe. Na yi aiki a bankin kuɗin ruwa, na kuma yi a na Musulunci kafin in ajiye. Abu na farko da za ki yanke shi ne matsayin kuɗin mai ajiya. A bankin kuɗin ruwa babu gardama, bashi ne a wuyan banki, ruwan da ake biya kuma ɗawainiya ce. A asusun mudaraba fa, inda mai kuɗi ke ba banki ya juya su raba riba? A takarda mai kuɗin abokin tarayya ne, abin da ake ba shi rabonsa ne na riba. In kika lissafa rabon a matsayin kashe kuɗi, bankin da ya fi kyautata wa masu ajiya shi zai fito a matsayin mai ɓarna. Bankin da ya matse su kuma ki ba shi lambar yabo. Kin ga inda gizo ke saƙar.

Almajirin_KL:
Baba Tsohon_Banki ya taɓo wurin. Ni a Kuala Lumpur nake karatu. A nan dokar 2013 ta raba abin biyu: ajiya mai garanti daban, asusun zuba jari daban, kuma na biyun ba ya ƙarƙashin inshorar masu ajiya. Don haka in kin ɗauko alƙaluman Malesiya daga 2010 zuwa 2020, a tsakiya ma'anar layin ajiyar ta canza. Sai tarko na biyu, wanda ya fi kama mutane. Mafi yawan manyan bankunan Musulunci na nan 'ya'yan bankunan kuɗin ruwa ne. Maybank Islamic, wanda ya fi kowa girma, da rassan uwar yake aiki, da ma'aikatanta, da na'urorinta. Ka shiga reshe ɗaya, tebur ɗaya, ma'aikaciya ɗaya ta tambaye ka wanne kake so. In kika gwada shi da Bank Islam, wanda tun 1983 yake ɗauke da rassansa da kansa, ko da bankin Najeriya da ke sayen dizal wa kowane reshe, ai ba adalci.

Abu_Sumayya:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Tambayata ɗaya ce: halal ne ko ba halal ba? In halal ne ko asara yake yi ina tare da shi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Malam Abu_Sumayya, in ya yi ta asara ya rufe, ina za ka kai kuɗin naka? Halal ɗin ma sai da banki a raye.

Abu_Sumayya:
Hajiya Allah shi ne mai arzutawa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Haka ne, amma ai an ce a ɗaure raƙumi. A Turkiyya akwai İhlas Finans, ba ya kuɗin ruwa, ya durƙushe a 2001 da kuɗin talakawa a ciki. Ni a Istanbul na ji labarin a bakin masu shago da muke sari a wurinsu, har yau dattawansu ba su manta ba.

Dan_Kwari:
To bari in kawo nawa ma'aunin tunda na yi alkawari. Na nemi murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar mini da ƙarin riba, a wani banki, ba zan kama suna ba, don sarin dilolin shadda kafin azumi. Aka ce in kawo takardar farashi daga dila. Na kawo. Aka ce sai jami'i ya zo ya ga kayan a sito da idonsa. Ya zo, ya ɗauki hoto, ya ƙirga, ya rubuta lambar kowace dila. Aka ce takarda ta tafi hedikwata. Muna zaune dala ta motsa, dila ya ce farashin da ya rubuta ya tashi aiki, sai sabuwar takarda. Sabuwar takarda kuma sai sabon sa hannu. Kafin banki ya biya dila ya sayar mini, masu ɗinkin sallah sun gama saye. Na karɓi kaya a lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Malama Yar_Samaru, a cikin kwamfutar taki akwai inda ake rubuta wannan?

Tsohon_Banki:
Alhaji ka yi haƙuri, amma bari in tsaya wa tsofaffin abokan aikina kaɗan. Abin da ka lissafa ba duka ne lalaci ba. A murabaha sai banki ya mallaki kayan kafin ya sayar maka, in ba haka ba bashi ne da ruwa aka sa wa hula. Rasit ya fito da sunan banki, a yi takaful, wato inshorar Musulunci, a rubuta cinikin farko, a rubuta na biyu. Bayan haka masu binciken Shari'a na cikin gida za su zaro fayil su duba jerin ranaku. In suka ga an sa hannu a kan sayarwa kafin saye, ribar wannan cinikin gaba ɗaya sadaka za ta tafi. Ko tarar jinkirin biya da ake cin wanda ya ƙi biya da gangan, ba ta shiga aljihun banki. Kowane banki kuma yana da kwamitin malamai da yake ɗaukar nauyi, a saman su ga majalisar ƙwararru ta Babban Bankin Najeriya. Duk wannan kuɗi ne. Bankin kuɗin ruwa takarda ɗaya zai ba ka ya tura maka kuɗi. To in an auna su da ma'auni ɗaya, dole na Musulunci ya fito da tsada. Amma zaman fayil a hedikwata mako da makonni, wannan ban kare shi ba. Ba Shari'a ce ta ce a yi haka ba.

Dan_Kwari:
Ranka ya daɗe, a nan muka haɗu.

Malam_Alkaluma:
Wannan rabewar da Baba ya yi, tsakanin tsadar tsari da sakacin masu gudanarwa, an gwada auna ta. Jill Johnes da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2014 a kan shekarun 2004 zuwa 2009. Suka fara gwada kowane banki da 'yan uwansa, na Musulunci da na Musulunci, sannan suka haɗa kowa a fili ɗaya. Abin da ya fito: a dunƙule bambancin ba shi da yawa, amma in an warware, tsarin Musuluncin ya fi nauyi, masu gudanar da shi kuma sun fi iya matso abin da ke hannunsu. Ɗaya ya cike gurbin ɗaya. Shekara guda kafin nan Thorsten Beck da abokan aikinsa biyu sun samu cewa bankunan Musulunci sun fi kashe kuɗi wajen aiki, amma sun fi ƙarfin jari, basussukansu sun fi lafiya, kuma sun fi mayar da ajiya zuwa jari. Saboda haka ƙanwata, masu cewa ya fi da masu cewa bai fi ba, sau da yawa ba abu ɗaya suka auna ba.

MaiShayi_Digital:
Ku masu boko kuna da wahalar da kai. Raba abin da banki ya kashe da abin da ya samu, shi ke nan. Al Rajhi na Saudiyya yana cikin bankunan da suka fi ƙarancin kashewa a yankin Gulf gaba ɗaya, kuma na Musulunci ne. Magana ta ƙare.

Almajirin_KL:
Ba ta ƙare ba yayana. Al Rajhi kaso mai yawa na ajiyarsa asusun yau da kullum ne da ba a biyan mai shi ko sisi, ga ma'aikatan gwamnati da albashinsu ke bi ta nan, ana cire bashin gida da na mota tun daga tushe. Wanda ya samu kuɗi kyauta haka dole lissafinsa ya yi kyau. Ba na cewa ba su iya aiki ba, sun iya. Amma Saudiyya ba Bangladesh ba ce.

Tsohon_Banki:
Ƙari a kan maganar MaiShayi. Wannan rabawar tana yaudara in kuɗin shiga ya kumbura ba da gumin banki ba. Da aka saki naira a Yunin 2023, bankunan da ke riƙe da dala sun rubuta riba mai yawa suna zaune. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5, bankin kuɗin ruwa ya zuba rarar kuɗinsa a takardun baitulmali ya kwanta barci. Na Musulunci ba shi da wannan ƙofar. Sai ya jira sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci. Gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017, naira biliyan 100 don hanyoyi, kuma ba kowane wata ake fitarwa ba, wanda ya samu kuma riƙewa yake yi ba ya sayarwa. Akwai wasu kayan aikin da Babban Banki ya tanada, amma kasuwar ba ta da zurfi. Na sha ganin kuɗi jibge a asusu ba abin da suke haifarwa, ba don ma'aji bai san aiki ba. DEA za ta ga ajiya mai yawa da jari kaɗan ta ce rago ne.

Bamaradiya:
Sannunku da muhawara. Daga Maraɗi nake bi. Mu nan akwai Banque Islamique du Niger, kuma BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ta fitar da ƙa'idojin harkar kuɗin Musulunci a 2018. Abin da nake so 'yar uwata ta lura shi ne kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da yuro. In kika mayar da alƙaluman kowa zuwa dala, bankin Nijar zai tsaya kusan inda yake, na Najeriya kuma zai zama kamar ya rushe a 2023 da 2024, alhali rassa ma ya ƙara.

Malam_Alkaluma:
Madalla Bamaradiya, kin kawo mu kan rabi na biyu na tambayar. Ƙwazo hoton shekara ɗaya ne. Haɓakar aiki kuwa daga shekara zuwa shekara ake bi, mafi yawa da ma'aunin Malmquist, wanda ke raba ci gaba gida biyu: shin banki ya matso kusa da na sahun gaba ne, ko sahun gaban ne kansa ya ƙara gaba saboda sabuwar fasaha, kamar manhajar waya da wakilan POS. In kika bar alƙaluma a naira ba ki cire hauhawar farashi ba, wadda ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, ko a lira ta Turkiyya da hauhawarta ta kai kashi 85 a Oktoban 2022, lissafinki zai gauraya. Ya fi muni in wasu abubuwan na ƙirge ne, kamar yawan ma'aikata da rassa, wasu kuma na kuɗi. Ma'aikata ba su ƙaru ba, jari a takarda ya ninka, sai ki ce an yi abin al'ajabi.

Yar_Samaru:
Yanzu kaina ya fi ɗaukar zafi fiye da lokacin da na shigo. In bar naira matsala, in koma dala matsala.

Malam_Alkaluma:
Ki cire hauhawar kowace ƙasa da ma'auninta tukuna, sannan ki mayar da su kuɗi ɗaya da canjin shekara guda tak. Ki kuma gwada wata hanyar ki ga ko jerin ya canza. In ya canza ki rubuta haka, shi ma sakamako ne.

Dan_Gadarif:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni Bahaushen Sudan ne. Mu duk bankunanmu na Musulunci ne, babu na kuɗin ruwa da za a gwada da shi, bankin Faisal ma tun ƙarshen shekarun 1970 yake. Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 rassa a Khartoum suka rufe, aka wawashe da yawa. Abin da ya riƙe mutane shi ne Bankak, manhajar Bank of Khartoum. Da ita ake sayen burodi, da ita ɗan uwa a Saudiyya ke turo na cefane. In kun duba littafin bankunanmu na waɗannan shekaru ba za ku ga abin yabo ba. Amma ku tambayi wanda ya gudu da wayarsa kaɗai a aljihu.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah ya kawo muku zaman lafiya Dan_Gadarif.

Abu_Sumayya:
Amin. To kun ga abin da nake faɗa, ba komai ne lamba ke kamawa ba. Kuma ni ƙorafina ma ya wuce nan. An ce mana bankin Musulunci na raba riba da asara ne. Je ka nemi musharaka, wato haɗin jari, ka gani. Kowa murabaha, kowa ijara, wato haya. Wane ƙwazo ne a sayar da mota da ƙarin farashi?

Almajirin_KL:
Malam Abu_Sumayya a nan kana da hujja. Chong da Liu sun duba Malesiya a binciken da ya fito a 2009, suka ga jarin da aka fitar ta hanyar raba riba da asara bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma abin da ake ba masu ajiya yana bin sawun kuɗin ruwan sauran bankuna. Amma ka lura da abin mamaki: ma'aunin ƙwazon da muke magana a kai shi ma yana tura banki can. Musharaka tana buƙatar ma'aikaci ya bi littafin ɗan kasuwa wata-wata, ɗan kasuwar da sau da yawa ba shi da littafin ma. Bankin da ya rungumi haka albashinsa zai hau, makinsa ya faɗi. Shi ya sa wasu ke ƙoƙarin auna banki da maƙasidin Shari'a, wato manufofinta, nawa ya kai ga talaka, nawa ya sa a ilimi, nawa zakka. Matsalar ita ce wa zai yanke nauyin kowanne.

Dan_Kwari:
Wa ya ce ba mu da littafi? Muna da shi. Nuna shi ne ba ma yi 😂

Tsohon_Banki:
Ka ji dalilin da ya sa ba a ba ku musharaka, Alhaji.

Lauyan_Gwammaja:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Yar_Samaru, akwai abin da kika sa a gefen abin da banki ke samarwa wanda ya kamata ki ji tsoronsa, wato jarin da aka fitar. Duba Bangladesh. Islami Bank, wanda ya fara a 1983, shi ne mafi girma a cikin bankunan da ba na gwamnati ba a ƙasar. A 2017 aka sauya masu iko da shi. Bayan faɗuwar gwamnati a Agustan 2024 babban bankinsu ya rushe hukumar gudanarwarsa, aka bankaɗo makudan kuɗi da aka fitar ga kamfanonin da ke da alaƙa da masu ikon. A 2025 kuma aka haɗe wasu bankunan Musulunci biyar da suka raunana aka mayar da su ɗaya. A shekarun da ake wannan fitar da kuɗin, duk wanda ya ɗauki yawan jari a matsayin nasara zai ga banki yana ta samarwa. Ki sa jarin da ya maƙale a matsayin mugun sakamako, ko ki cire shi daga jimilla. Ko da yake shi ma sai an bayyana shi da gaskiya a rahoto kafin ki gan shi.

Malam_Alkaluma:
Barista ya yi gaskiya. Haka ma Hasan da Dridi na Asusun Lamuni na Duniya suka nuna a 2010: a 2008 bankunan Musulunci sun fi jure girgizar tattalin arzikin duniya, amma a 2009 da ta sauko kan gidaje da kasuwanci, ribar wasunsu ta fi faɗuwa. Shekarar da kika yanke lissafi ma tana zaɓar miki gwani.

MaiShayi_Digital:
To in haka ne a haɗe ƙananan kawai su zama babba. Indonesiya ta yi a Fabrairun 2021, bankuna uku na gwamnati suka zama Bank Syariah Indonesia. Mu nan jarin da aka ce bankin Musulunci na ƙasa baki ɗaya ya tara naira biliyan 20 ne, na kuɗin ruwa biliyan 200. Yaushe ɗan biliyan 20 zai yi tsere da wannan?

Hajiya_Mai_Atamfa:
A'a don Allah kar a haɗe. Tun da suka zama huɗu aka fara kiranmu a waya ana lallashi. Da ɗaya ne, sai ka yi layi ka gode.

Yar_Samaru:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Ga abin da zan kai wa malamina: ƙasashe shida, bankunan da ke tsaye da ƙafarsu kaɗai ban da 'ya'yan bankunan kuɗin ruwa, jarin da ya maƙale a cire, sannan in yi lissafin sau biyu, ɗaya da rabon masu mudaraba a cikin kashewa, ɗaya babu.

Almajirin_KL:
In kika cire 'ya'yan, kin cire mafi yawan kasuwar Malesiya fa. Abin da zai rage miki ba zai wakilci ƙasar ba.

Tsohon_Banki:
Ta cire su. Gara kaɗan masu kama da juna.

Malam_Alkaluma:
Ban yarda ba Baba. Ta bar su, ta yi musu alama, a zagaye na biyu ta gwada ko zama ɗan wani banki ne ke ɗaga makin. Kuma ƙanwata ki duba ƙa'idar akanta kafin ki haɗa: Malesiya da tsarin IFRS na duniya take rubutu, Bahrain da Sudan da na AAOIFI, wanda aka yi don bankunan Musulunci. Ijara ɗaya tana iya zama kadara a littafin wannan, ta zama bashin da ake bi a littafin wancan.

Dan_Kwari:
Har yanzu ba wanda ya ce mini inda za a rubuta kwanakin da fayil ke yi a hedikwata.

Yar_Samaru:
Alhaji ba ya cikin rahoton shekara na kowane banki da na karanta. In na buga takardar tambayoyi, za ka raba mini a layinku?

Dan_Kwari:
Kawo, amma da Hausa, kuma kar ki tambayi jarin kowa.